Yadda nake kama mai kisa kafin marubuci ya faɗa

Littattafan laifi kashi biyu ne, kuma ba karatu iri ɗaya nake yi musu ba. Akwai wanda an riga an yi kisan, gawa na kwance, abin da ya rage shi ne a gano wanda ya yi. Akwai kuma wanda mugun abin bai faru ba tukuna, ko ya faru zai sake faruwa, jarumi na tsere da lokaci kana biye da shi gabanka na faɗuwa. Na biyun kwankwaɗarsa nake yi a zama ɗaya ko biyu. Na farkon kuwa, wato littafin bincike, shi nake zaunawa in yi wa aiki da takarda da fensir, domin a wurina gasa ce tsakanina da marubuci: ya ajiye amsa a gaban idona, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa kada in gan ta. Ni mai karatun nishaɗi ne, ba malamin adabi ba, amma ga yadda nake bi da su.

Aikin tun daga wurin saye yake farawa. Galibin waɗannan littattafai na Ingilishi a gwanjo ake samunsu, wurin masu shimfiɗa su a bakin titi ko a shagunan littattafai irin na Sabon Gari a Kano. Kafin in biya, ina buɗe shafin ƙarshe in duba lambarsa kawai, ban karanta ko layi ɗaya ba, in tabbata ƙarshen yana nan. Tsohon littafi mai bango mai laushi daga baya yake fara zubewa, kuma shafi goma na ƙarshe su ne littafin. Sai in bi lambobin shafuka da babban yatsa daga farko har ƙarshe. Ana buga littafi ne damme-damme, shafi 16 ko 32 a haɗe, saboda haka bugun satar fasaha yakan tsallake damme guda ko ya maimaita shi: ka ga shafi na 96, mai bi masa na 113. Abu na uku, ina leƙa gefen shafukan farko ko akwai rubutun biro. Akwai masu karatu marasa tsoron Allah da ke zagaye sunan mai kisan tun a babi na biyu. Bayanin da ke bayan bango layi uku na sama kawai nake karantawa, don masu talla sukan fallasa kisa na biyu.

Daga nan sai in duba shekarar da aka fara buga shi, tana bayan shafin suna. Wannan shekarar ita ke gaya min abin da mai bincike zai iya da abin da ba zai iya ba. 'Yan sandan Landan sun buɗe sashen zanen yatsa a 1901, don haka duk mai kisan da ya zo bayan nan safar hannu yake sa wa. Gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, kuwa sai 1984 aka gano shi a jami'ar Leicester, aka fara aiki da shi a binciken kisa a 1986. Littafin da ya girmi wannan lokaci, ɗigon jini ba ya faɗin sunan kowa, iyakarsa ya nuna rukunin jinin. Galibi babu wayar hannu, babu kyamarar tsaro, sai wasiƙa da waya-tangaraho da jadawalin jirgin ƙasa. Kuɗin ma tsohon lissafi ne har 1971, sule ashirin fam ɗaya, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, irin wanda iyayenmu suka kashe kafin naira ta zo a 1973. Idan aka ce an bar wa kuyanga fam ɗari a 1930, kada ka raina, ya fi albashinta na shekara nesa ba kusa ba, kuma ya isa a yi kisa a kansa.

Maganar gado tana buƙatar mai karatu Bahaushe ya gyara zama. A wurinmu rabon gado sananne ne, wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji. A Ingila ta waɗannan littattafai, tsoho mai dukiya na iya kiran lauya da hantsi ya cire ɗansa na cikinsa, ya rubuta komai da sunan mai jinyarsa. Shi ya sa da zarar wani attajiri ya ce a wurin cin abincin dare gobe zai canza wasiyya, na san ba zai ga goben ba. Abin da nake tambaya shi ne wa tsohuwar wasiyyar ta amfana, wa sabuwar za ta amfana, kuma wa ya san an riga an sa hannu ko ba a sa ba.

Shafi hamsin na farko ba na gaggawa. Ina ninke farar takarda in sa a cikin littafin, duk wanda ya shigo labari in rubuta sunansa, dangantakarsa da mamacin, da abu ɗaya da zan tuna shi da shi. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne, domin Turawa na kiran mutum ɗaya da suna uku: matarsa ta kira sunan yanka, ɗan sanda ya kira na iyali, barori su kira muƙaminsa. Wanda bai rubuta ba sai ya kai rabin littafi yana zaton mutum biyu ne. Waɗanda ake zargi na gaskiya ba su cika wuce shida zuwa takwas ba, sauran cikon benci ne. Kuma a littafin da ya bi ƙa'ida, mai kisan yana cikin waɗanda na rubuta a wannan zangon. Wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin irin waɗannan labarai ne, ya tsara dokoki goma a 1929, ta farkonsu ita ce wannan: dole a ambaci mai laifin tun da wuri. Ya kuma hana aljanu da tsafi, ya hana gubar da kimiyya ba ta sani ba, ya hana tagwaye sai in an sanar da su, ya ce ƙofar sirri kada ta wuce ɗaya, kuma duk alamar da mai bincike ya gani dole a nuna wa mai karatu. Ba kowa ya bi su ba, wasu manyan ma da gangan suka taka su, amma da su nake auna ko an yi min adalci.

Da an tsinci gawa sai in juya takardar in ja layin lokaci. Nan ne aikin yake, kuma nan na fi daɗewa. Kowane bayani ina rubuta shi da abu biyu: ƙarfe nawa, kuma daga bakin wa. Bambanci ne babba tsakanin abin da marubuci ya faɗa da kansa da abin da wani a cikin labarin ya ce. Marubuci mai gaskiya ba ya yi maka ƙarya da bakinsa, amma mutanensa suna da izinin shirga ta son ransu. Idan aka rubuta cewa ƙarfe tara mai aiki ta ji muryar maigida a ɗakin karatu yana faɗa da wani, abin da na sani shi ne ta ji murya ta bayan ƙofa. Ban san ko shi ne ba, ban san ko yana da rai ba. Ina sa alamar tambaya. Idan aka ce an hango uwargida a lambu da jar riga da malafa, abin da aka gani riga ce da malafa. Duk lokacin da ba a ga fuska ido da ido ba, ba na ƙirga shi.

Agogon da ya fashe a hannun mamaci ya tsaya a kan tara da kwata, kusan kullum shiri ne, an juya shi ne don wani ya samu shaidar cewa yana wani wuri a lokacin. Sai in duba wa ke da shaida mafi ƙarfi a tara da kwata daidai. Mutumin kirki ba ya iya tuna inda yake minti-minti a daren Talatar da ta wuce. Wanda ya zo da tikitin jirgi, da rasit, da shaidu biyu da suka lura da shi saboda ya zubar da shayi a gabansu, shi ya shirya wa tambayar tun kafin a yi ta.

Akwai wasu take-taken da idan ka daɗe kana karatu za ka fara gane su daga nesa. Gawar da fuskarta ta lalace, aka shaida ta da zobe ko tufafi, sau da yawa ba ta wanda aka ce ba ce, shi yana nan da ransa. Wanda aka kai wa hari ya tsira da ƙwarzane, ina matsar da sunansa sama maimakon in soke shi. Namiji da mace da ke nuna ba sa ga maciji da juna a gaban jama'a, ina duba ko shaidarsu ta jingina da juna ta wata hanya. Wanda 'yan sanda suka kama a rubu'in farko kuwa ya kwantar da hankalinsa, sai dai in marubucin ya san mun san haka, ya wanke shi da wuri don ya dawo mana da shi a ƙarshe. Agatha Christie, shahararriyar marubuciyar irin waɗannan littattafai 'yar Ingila, ta yi wannan, ta kuma yi abin da ya fi shi a 1926, lokacin da ta sa mai ba da labarin da bakinsa ya zama shi ne mai kisan. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan ko ta yi zamba. Ni dai a ganina ba ta yi ba, domin in ka koma za ka tarar bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, tsallake mintuna kaɗan kawai ya yi da jimla mai santsi. Tun daga nan, duk labarin da wani ke bayarwa da "ni", sunansa na cikin takardata.

Yadda ake ɓoye alama ya fi komai ba ni sha'awa. Hanya mafi sauƙi ita ce a cusa ta a tsakiyar jeri. Za a zazzage aljihun mamaci a ce: hankici, ashana, makullai uku, guntun fensir, tikitin bas, 'yan canji. Ido na kama na farko da na ƙarshe ya zame a kan na tsakiya. Ni kuwa duk jeri sau biyu nake karanta shi, in tambayi kaina me ya sa mutumin da aka ce ba ya shan taba yake yawo da ashana, ko me ya sa makullai uku alhali ƙofofin da aka ambata biyu ne. Hanya ta biyu, a faɗi alamar sannan nan take a yi ihu a bene, ko wata ta suma, hankalinka ya tafi can. Saboda haka duk inda hayaniya ta tashi ba zato, sakin layin da ya gabace ta nake komawa. Ta uku, a sa maganar a bakin wanda ba a ɗauka da muhimmanci, tsohuwa mai surutu ko yaro, a tsakiyar shirme. Ta huɗu ta fi wuya, ita ce abin da ya kamata a gani amma babu shi: an yi ruwa da daddare, takalmin wanda ya ce daga waje yake a bushe; an ce mamaci ya rubuta wasiƙa kafin ya mutu, ba a ga alƙalami a ɗakin ba. Wannan ba ka kama ta sai ka tsaya ka zana ɗakin a ranka. In littafin ya zo da taswirar gida, ba ado ba ce, ina duba wace taga ke kallon wace ƙofa.

Ɗan sanin abin da ke faruwa da gawa yana taimakawa, don marubutan kirki suna bin sa sau da ƙafa. Gawa na fara sandarewa bayan awa 2 zuwa 6, daga muƙamuƙi da wuya, ta gama wajen awa 12, ta sake saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Jini na gangarawa ya taru a ɓangaren da ke ƙasa, bayan awa 8 zuwa 12 ya zauna. Idan aka tarar da mutum a kife amma bayansa ne ya yi duhu, an juya shi ko an ɗauko shi daga wani wuri. Zafin jiki na sauka da abin da bai kai digiri ɗaya ba a awa, amma wannan lissafin ƙasar sanyi ne. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, inda zafin gari ke haura na jikin mutum, ba zai yi aiki ba. Likitan da ya ce tsakanin takwas da sha ɗaya na yarda da shi. Wanda ya kalli gawa ya ce tara da minti goma, marubucinsa bai yi bincike ba. In kuma aka ambaci an bar murhu a kunne ko taga a buɗe cikin hunturu, wani ne ke son ya rikita wa likita lissafi.

Wajen guba Christie ba ta da na biyu, domin ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin yaƙin duniya na farko, ta sake yi a na biyu. Bayaninta na alamomin gubar taliyam a wani littafi na 1961, musamman zubewar gashi, ya kai ga a 1977 wata ma'aikaciyar jinya a Landan ta gane abin da ke damun wata jaririya da likitoci suka rasa gane kansa, aka ceci ranta. Abin da nake dubawa a guba shi ne tsawon lokacin da take ɗauka. Mai kashewa nan take tana nuna wanda ke kusa da kofin. Mai jinkiri tana buɗe ƙofa ga wanda ya bar gidan tun da rana. A bindiga kuma, libarba ba ta tofar da kwanson harsashi, yana zama a cikinta. In aka tsinci kwanso a ƙasa kuma libarba ce a hannun mamacin, akwai bindiga ta biyu.

Idan na ci kashi uku cikin huɗu, ko na ga mai bincike ya fara cewa a tara masa kowa a falo, sai in rufe littafin. Wasu 'yan uwa biyu a Amurka da suka fara rubutu da sunan Ellery Queen a 1929 har shafi suka riƙa warewa su ce wa mai karatu: duk abin da ake buƙata ka gani, faɗi wanda ya yi. Marubutan Japan sun riƙe wannan al'ada har yau, kuma su ne gwanayen kisan da aka yi a ɗakin da ke kulle ta ciki. Ko babu irin wannan shafi ni ina yi wa kaina. Kowane suna ina yi masa tambaya uku: yana da dalili, yana da abin da zai yi kisan da shi, ya samu sarari? Dalili ne mafi rauni, don kowa a gidan an ba shi nasa. Sarari ne ke yanke hukunci. Sai in rubuta suna ɗaya da yadda ya yi, da alamu biyu aƙalla da suka goyi bayana. Cewa "raina ya ba ni" ba ya cikin lissafi, ko da ya dace.

Bayan na gama sai in koma baya, in bi duk alamar da mai bincike ya lissafa in nemo shafinta. A nan nake yanke wa littafi hukunci. Wanda ya kayar da ni, na koma na tarar komai na nan a fili, shi ne wanda nake ajiyewa in kuma nemi sauran na marubucin. Wanda mai bincikensa ya zaro wata wasiƙa daga aljihu a babin ƙarshe, wadda ba a taɓa nuna min ba, ko mai kisan ya zama wani ɗan uwa da ya dawo daga Ostireliya ba a taɓa jin sunansa ba, ba na sake sayen mai wannan suna. Haka nake ji da wasu labaranmu na Hausa da ke fara bincike da kyau, sai a ƙarshe mafarki ko boka ya tona asiri, ko mai laifin ya haukace ya yi ta faɗa da bakinsa a kasuwa. Alhali muna da kayan aiki na kanmu: ana binne mamaci cikin sa'o'i, ba a cika yarda a fede gawa ba, saboda haka mai bincike a Kano ko Zinder da bakin mutane zai yi aiki, wa ya shigo zaure, wa aka gani a sahun Magariba, wa ya aiko da kwanon tuwo. Gida mai sassa da yawa da ƙofa ɗaya ya ishi marubuci.

Littafin faɗuwar gaba kuwa ba na ɗaukar masa fensir. Sau da yawa ka san mugun tun farko, abin da ba ka sani ba shi ne ko za a tsira. Awonsa ɗaya ne: in na kai ƙarshen babi, ina iya ajiyewa? James Hadley Chase, wanda ɗaliban sakandare a ƙasar nan suka yi ta karɓa-karɓa da littattafansa a shekarun 1970 da 1980, ɗan Ingila ne da ya riƙa kafa labaransa a Amurka da taimakon taswira da ƙamus na karin maganar 'yan tasha. Littattafansa ba su cika wuce shafi 200 ba, kuma babu kitse a jikinsu: mutum mai kwaɗayi, kuɗi, mace, shiri, sannan ƙaramin kuskure ɗaya da ke warware komai. Jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, da ya fara a 1977, ya kawo irin wannan saurin cikin biranen Afirka da marubutan Afirka. Littattafan faɗuwar gaba na yanzu kuwa shafi 400 zuwa 500 ne, kuma a tsakiya suke yin sanyi, inda za a yi ta zagaye da matsalar auren jami'in da shan giyarsa.

Abubuwan da ke sa in ajiye irin wannan sanannu ne. Wayar jaruma ta mutu daidai lokacin da take buƙatarta. Ta gano mai kisan, maimakon ta kira 'yan sanda sai ta tafi gidansa ita kaɗai da tsakar dare ba ta gaya wa kowa ba. Mugu ya ɗaure jarumi, ya tsaya yana yi masa bayanin shirinsa shafi biyar har taimako ya iso. A buga wa mutum ƙarfe a ka ya suma awa biyu, ya farka ya ci gaba da gudu kamar barci ya yi. Sai kuma yayin da ya cika kasuwa bayan 2012, na mai ba da labari da ke shaye-shaye ko ta manta abin da ya faru, inda duk sirrin littafin abu ne da ita ta sani, aka hana ta tunawa har shafi na 350. Ɗaya daga cikin waɗannan ina haƙura da shi in labarin na gudu. In sun kai biyu kafin shafi na ɗari, sai in mayar wa mai gwanjo in yi musaya da wani, in cika masa ɗan abin da ya sawwaƙa.